Na Je Kumasi Feɗe Waƙa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin tuwo da feɗe waƙa. Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take: a kawo maka waƙar wani, ka kwantar da ita a kan allo, ka zaro jigo, ka ware salo, ka ƙirga amsa-amo, sa'an nan ka faɗa wa ɗalibai abin da mawaƙin yake nufi, ko da shi kansa bai san yana nufin haka ba. Mamaci ya fi daɗin aiki, don ba ya gardama. Na feɗe Shata, wanda ya rasu tun 1999. Na yi shafi talatin a kan waƙar karen mota ta Ɗan Maraya Jos, kuma ban fitar da takardar ba sai bayan ya kwanta dama a 2015. Har yau babu ɗayansu da ya aiko a ce na yi masa ƙarya.

Da wannan ƙwarin gwiwar na sauka Kumasi a ƙarshen 2023.

Biki ne ya kai ni. Mahaifina haifaffen Kumasi ne, yana ɗan shekara tara aka taho da shi Kano, kuma ba mutum ne mai son tonon baya ba. Iyakar abin da na sani, akwai wata tsohuwa a unguwar Aboabo, aminiyar marigayiya kakata, wadda duk Sallah ake kiranta a waya a yi ta gaisuwa da ihu kamar wani ya faɗa rijiya. Za ta aurar da jikanya, ciwon gwiwa ya hana Baba tafiya, aka ce in je in wakilci gida. Na zuba shadda biyu a jaka, da turaren tsaraba, da littafin Sa'idu Muhammad Gusau na nazarin waƙar baka, da na Abdulƙadir Ɗangambo na feɗe waƙa. Uwargida ta tsaya tana kallon jakar, ta ce, "Malam, biki za ka ko jarrabawa?" Na ce mata malami ba ya hutu.

Daga Accra, wadda mutanen can suke kira Ankara, mota ta kawo ni Kumasi. Na ratsa ta Kejetia, kasuwar da ta sa na rage cika baki a kan Kantin Kwari, na hau a-daidaita-sahu, wanda su suke ce wa pragya, har ƙofar gida. Ban kai ga ajiye jaka ba na kama aiki. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta tare ni a bakin ƙofa, na tambaye ta Hajiya, wato tsohuwar, ta ce, "Kaka ya tafi kasuwa." Na durƙusa daidai tsawonta cikin tausayawa, na ce, "Ta tafi, 'yata. Ai mace ce." Ta ƙare mini kallo, ta ce, "Eh, mace ne. Ya tafi." Ta yi gaba abinta.

A takarda na san tarihin wurin. Na san fataken goro da suka daɗe suna bin hanyar Gwanja, da yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, da yadda Turawan Ingila suka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, aka buɗe wa baƙi garin, jirgin ƙasa ya iso a 1903, zango ya cika ya batse. Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Wangarawa, Zabarmawa, Kotokoli, Yarabawa, Fulani, kowa da yaren gidansu, suka haɗu a kan Hausa don a yi ciniki a yi salla a yi faɗa a shirya. Hausar da ta ɗauki wannan kaya sama da shekara ɗari ta yar da wasu komatsai a hanya, ciki har da bambancin "ya" da "ta", kuma ƙugiyar "ƙ" ma ba kowa ke wahalar da maƙogwaronsa a kanta ba. Duk na karanta wannan, har na taɓa ba da shi a jarrabawa. Amma da na ji shi a bakin yarinya, jan biro ne ya fara motsi a aljihuna.

Hajiya ta dawo dab da azahar. Badagomba ce, iyayenta daga wajen Yendi, ita kuwa a nan Kumasi aka yanke mata cibiya. Tana ganina ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ga angona ya zo! Ina kayana?" Na yi sauri na ciro turare na miƙa da hannu biyu. Ta karɓa, ta jujjuya kwalbar, ta leƙa bayana kamar akwai sauran kaya a waje, ta ce, "To. Ka huta tukuna."

Sana'arta waakye, wato shinkafa da wake, sunan ma daga bakinmu aka ɗauka aka lanƙwasa. Da karan dafi ake dafa shi har ya yi ja-ja, a zuba a ganye, a ɗora taliya da gari da ganda da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai mai da suke kira shito. A tsakar gidan akwai tukunyar da ake wannan aiki, irin ta dalma da Asantawa ke kira dadesen, wadda yaro ɗan shekara biyar zai shiga ya zauna ba a ga kansa ba. Gindinta ya yi baƙi ƙirin, bakinta ya sha kankara har yana ƙyalli. An yanko kwanon rufi an kewaye shi an rufe ta da shi, an ɗora dutse a kai. Na gan ta sarai. Har na jingina da bangon kusa da ita na ci ganye biyu.

Bayan la'asar jikanta namiji, wani siririn saurayi mai tuƙa pragya, ya ja ni majalisarsu. Su "bes" suke cewa. Benci uku ne a gindin wani shago, da butar ataya a kan gawayi, da sifika mai girman bulo, da musun Asante Kotoko da King Faisal wanda na lura an gaje shi ne daga iyaye. Waƙar da ke tashi ta Black Sherif ce, yaron zangon Konongo, garin zinariya da ke kan hanyar Ankara. A kundinsa na 2022 akwai waƙa sukutum mai sunan zangon nasu, kuma a 2023 shi aka ba gwarzon mawaƙin shekara na Ghana. In an ambace shi a bes ɗin ba a cewa komai sai "namu ne". Daga nan suka sako mini abin da suke kira asakaa, kiɗan samarin Kumasi da ya ɓarke a 2020, lokacin da suka laƙaba wa garinsu Kumerica suka rarraba wa unguwanni sunayen biranen Amurka. Suka ba ni labarin Yaw Tog, ɗan sakandare da waƙarsa ta kai har Stormzy na Ingila ya shigo aka sake ta tare a 2021.

Ina jin kalmar asakaa na gyara zama. Na ce musu ai wannan Hausa ce tsantsa, daga "saƙa" take, domin mawaƙi masaƙi ne, kuma ba banza ba kiɗan ya fito daga ƙasar da ake saƙa kente a Bonwire. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, har na laluba aljihu in rubuta. Mai zuba ataya ya ce, "Malam, kasa ne aka juya. Da Twi, kasa shi ne magana." Zaurance ne kawai irin na yara, a ɗauki gaɓar baya a kawo gaba. Na ce ai duk tafiyar ɗaya ce. Suka ce haka ne, Malam. Mutanen Zongo suna da ladabi, kuma ladabin nan shi ya kashe ni.

Can sai jikan Hajiya ya sunkuyar da kai ya ce shi ma yana ɗan taɓawa. A ɗakin abokinsa suka ɗauka, an jingina katifa a taga don ƙarar injin niƙa. Waƙar minti uku ce da 'yan kai, Hausa da Twi da Turancin buroka a cakuɗe, da gudu kamar ana bin sa bashi. Na saurara sau biyu. Abu uku na iya cafkowa: yana yawan ambaton tukunya marar murfi, yana maimaita goma sha huɗu, sannan a baiti na ƙarshe, wanda duk da Twi ne, wata kalma tana ta dawowa da na ji kamar "ƙasa". Suka ce, "Malam, ya ka gani?" Na ce irin wannan ba a yi mata garaje, su ba ni zuwa dare.

Daren jajibirin ɗaurin aure ne, tsakar gida cike da mata ana gyaran kayan miya, samarin bes sun zo ɗaukar kujeru. Ban san wanda ya ce a yi shiru Malam daga Kano zai yi bayani ba. Ina zargin ni ne.

Na fara da asali, kamar yadda aka koya mini. Na ce yaron nan jikan Alhaji Umaru ne a fasaha, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, wanda ya yi waƙa a kan talauci da wadata tun kafin a haifi kakannin kowa a gidan. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne gaskiya ta ƙarshe da na faɗa a daren. Na ce jigon waƙar maraici ne. Tukunya ita ce Zongo, tana tafasa da jama'a iri-iri, wuta a ƙarƙashinta, ba ta da murfi, wato ba ta da mai rufa mata asiri. Na kawo ma'aikatar raya zanguna da gwamnati ta kafa a 2017 ta kuma rushe a 2021, na ce kun ga an ɗora murfi an sake ɗaukewa. Wata mata ta ce "Allahu Akbar", na ƙara murya. Na ce goma sha huɗu kuwa alamtarwa ce mai zurfi, wata ne ɗan daren sha huɗu, hasken da talaka ke hange a tsakiyar duhu. Da na zo baitin Twi, wanda ban ji ko kalma biyu a cikinsa ba, sai na ce wannan kukan neman ƙasa ne, ɗan Zongo yana kiran ƙasar da ba shi da ita, sauran kuma cikon kiɗa ne don a samu na rawa. Awa biyar kacal da gaya mini ma'anar kasa. Minti arba'in na yi a tsaye. Wayoyi uku suna ɗauka.

Duk wannan abin Hajiya tana kan kujera 'yar tsugunno tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. Da na yi shiru ina jiran tafi, sai ta ce, "Angona, ka gama?"

Na ce na gama, Hajiya.

Ta nuna da haɓa. "Ga tukunyan can. Shi yaron yake faɗi."

Aka yi wata irin dariya a ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi da mayafi a baki. Na ce ai na sani, Hajiya, amma a ilmin waƙa abu yakan tsaya a madadin wani abu. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, amma tukunyar nan ba ta taɓa tsayawa a madadin kowa ba, kullum a kan murhu take. Sai ta ajiye farantin.

Ta ce tana amarya, ɗakinta na kallon na kakata, aka yi shela a rediyo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 ce, gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana cikin mako biyu. Ta ɗaga yatsu ta ƙirga mini su a gaban jama'a, goma, ta sake ɗaga huɗu. Wa yake da takarda a lokacin? Mutumin da aka haifi ubansa a Kumasi, wa ya taɓa ce masa ya nemi izinin zama a ɗakin da aka yi masa suna? Ta ce cikin kwanakin nan an sayar da keken ɗinki a kuɗin buhun gawayi, an bar shaguna a buɗe, an ba maƙwabta awaki kyauta. Ita ta tsira don Dagomba 'yan ƙasa ne. Kakata kuwa, da mijinta da 'ya'ya huɗu, sai babbar mota. Direba ya ce tukunyar nan kuɗin mutum guda zai caja, ga shi kuɗin mutanen ma da ƙyar aka haɗa. Kakata ta sauke ta a tsakar gidan nan, ta zare murfin ta rungume, ta ce a kansa za ta riƙa zuba wa yara abinci a hanya. Ta ce wa Hajiya, ki riƙe mini amana, ki yi sana'a da ita kafin ƙura ta lafa, duk wanda ya zo miki da murfin nan ki ba shi tukunya.

"Shekara hamsin da huɗu," in ji Hajiya. "Tukunyan nan ya aurar da yara bakwai, ya kai ni Makka. Da aka ce jikanta na zuwa, kwana uku ban yi barci ba. Na ce ina kayana, ka ba ni turare."

Ni kuwa a lokacin ba kunyar lacca ce ta kama ni ba tukuna, wani abu ne daban ya taso mini. Na san murfin. A gidanmu na Fagge yake, unguwar da ita ma asalinta masaukin fatake ce a bayan ganuwa. Wani faffaɗan faifan dalma ne mai karyayyen mariƙi, muna ce masa tiren Inna, wato kakata. A kansa ake shanya kuɓewa da tattasai. A kansa muka ci tuwon Sallah mu takwas muna yara. Na sha duka a kansa ranar da na mai da shi ganga. Shekara talatin da ɗoriya ina kallon murfi ba tukunya, ban taɓa tambayar ina 'yar'uwarsa ba, ni da nake cin albashi a kan gano abin da ke ɓoye.

Don in rage zafi na ce Allah ya isa abin da aka yi wa mutanenmu. Hajiya ta ce in bar Allah ya isa, ai mun rama. Babban ɗanta yana Agege a 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi, Ganawa wajen miliyan suka dawo gida, shi ma ya iso da kayansa a jakar nan mai layi-layi da har yau muke kira da sunan korar. Ta ce, "Kunnen doki aka yi. Zauna ka ci abinci."

Washegari bayan ɗaurin aure yaron ya ɗauke ni a pragya zuwa babban masallacin Kumasi, wanda aka gyara aka sake buɗewa a farkon shekarar. A hanya, ba tare da ya juyo ba, ya warware mini baitin da na kira cikon kiɗa. Ya ce da gangan ya yi shi da Twi, don ba da mu yake ba, da maƙwabta yake. Duk inda ya je neman takarda ko aiki, in ya faɗi sunansa aka ji na Musulmi ne, sai a ce ina ne garinku. Ya ce Kumasi. A ce a'a, garinku na asali. Shi an haife shi a Aboabo, uwarsa a Aboabo, kakarsa a nan, kuma Twi ɗinsa ya fi na mai tambayar gudu. Kalmar da ke ta dawowa cewa yake yi a buɗe baki a yi magana, a faɗa masa sau nawa ake haihuwar mutum a gari kafin ya zama ɗan garin. Na ce to ai kusan abin da na faɗa ke nan. Ya ce, "Haka ne, Malam." Sai da muka wuce kwanar titi biyu ya ƙara da cewa bidiyon ya kai Tamale.

Da daddare na kira Goggo a Fagge, wadda ta gaji ɗakin Inna da duk abin da ke ciki. Na sa wayar a sifika don Hajiya ta ji. Na zayyana mata komai, na ce abin da ya dace a aiko da murfin nan a haɗa shi da tukunyarsa. Goggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai da karatunka. Inna cewa ta yi wanda ya je da murfi a ba shi tukunya. Tukunya tamu ce ke nan. Su auno ta a mota." Hajiya ta matso bakin wayar ta ce amana ce, ba ta sakinta sai ta ga murfi da idonta. Goggo ta ce murfi ba ya fita daga gidan nan, tattasai ne a kai. Suka gaisa da kyau, suka tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, suka yi wa Inna addu'a, kowacce ta kashe waya tana murmushi. Na kawo shawarar a ɗauki hoton murfin a turo ta WhatsApp. Hajiya ta ce hoto ba ya rufe tukunya.

Kafin in taho na sami igiya na auna bakin tukunyar, na ƙulla alama, na sa a jaka tsakanin Gusau da Ɗangambo. Ranar da na isa Kano ban ko je gidana ba na wuce Fagge. Murfin na nan a kan katanga, rana na dukansa. Na kakkaɓe tattasan gefe guda, na shimfiɗa igiyar, ta zauna cif, ba ragi ba ƙari. Ina ɗagowa na ga Goggo a ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu.

Tun daga ranar, in ta ji sallamata sai ta aiki yaro ya kwashe shanyar, a shigar da murfin ƙarƙashin gado, ta murɗa makulli, sannan ta amsa.